Abin da Ke Kwance a Ƙofar Mota

Motar ta marigayiya ce. Tun ranar da aka dawo daga kai matar makwancinta, mijin ya ja tamfol ya lulluɓe motar a kusurwar tsakar gida, ya rataye makullin a ƙusa bayan ƙofar ɗaki, bai sake bi ta kanta ba. Shekaru suka yi ta wucewa. Tayoyi suka sace suka zauna, ciyawa ta fito a ƙarƙashi, kaji ma da ba sa barin lungu suka daina raɓar wurin, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalili.

Mai Firji ake ce masa a layin, don gyaran firji ne sana'arsa, shagonsa kuma a ƙofar gidan yake. Mutum ne mai shiru, mai hannu, mai taurin kai irin na waɗanda suka san waya: in ya ce abu zai kawo wuta, to sai ya kawo. Su uku ne a gidan. Akwai shi, akwai yayarsa da ta dawo zama da su bayan rasuwar, wadda kowa ke kira Gwaggo, sai 'yarsa tilo. Ƙanƙara yake ce wa yarinyar, saboda tun tana rarrafe ake kama ta a shago tana lasar ƙanƙarar firjin mutane. Yanzu ta tasa, ta kai shekarun yin tambayoyin da ba su da daɗin amsawa.

Akwai abin da ya ɓoye mata. Marigayiya tana da wata 'yar na'urar jin waƙa da ba ta fi akwatin ashana ba, irin wadda ake jona wa abin kunne, takan jefa ta a aljihu in tana aiki. Wata rana hannunta ya danna maɓallin naɗar murya ba ta sani ba, na'urar ta kwashe yammaci guda a kicin: zubar ruwa, karon kwanuka, tana tsokanarsa yana ramawa, tana dariya. Ba a gano ba sai bayan ta rasu. Duk duniya babu inda muryarta ta rage sai a nan. Shi kuwa yakan tura ƙofar shago ya sa abin kunnen, wanda ɓari ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an riƙe wayar, ya saurara shi kaɗai, ya share ido ya fito kamar ba a yi ba.

Wata la'asar Ƙanƙara ta turo ƙofar ta same shi a haka.

"Baba, me kake ji da yake sa ka kuka?"

Ya nemi ƙarya, ta ƙi zuwa bakinsa. Ya gaya mata. Yarinyar ta daɗe tana kallon 'yar na'urar a tafinsa.

"Ina ganin fuskarta a hoto," ta ce. "Amma na manta yadda take magana."

Da wani ne, da sai ya tsallaka titi ya sayo sabon abin kunne, su raba kowa ɗaya, magana ta ƙare. Amma Mai Firji ba ya yin abu ta hanya mai sauƙi in akwai mai wuya. Ya ce 'yarsa ba za ta ji uwarta ta ɗan tsinken waya mai shaƙewa ba. A motar uwar za ta ji ta, ta lasifika, murya ta cika wuri kamar tana zaune a kujerar direba. Ya nemo batir ya sa a caji, ya birkice akwatin kayan aikinsa har ya samo waya mai kai biyu, ya goge kawunan da gefen rigarsa. Kafin ya gama ɗaura batir ya rufe bonet, rana ta faɗa bayan katanga.

Gwaggo tana tsugune da buta za ta yi alwala. Ita kaɗai ce har yanzu take ce masa Auta, duk da furfurar da ta fito masa.

"Auta, ka bari sai da safe mana. Magariba ta kawo kai. Wurin da aka daɗe ba a shiga ba, ba a faɗa masa haka kai tsaye."

"Yaya, mota ce fa, ba kango ba."

"To ko sallama ka yi."

"In yi wa kujera sallama?" Ya yi dariya, ya murɗa makulli ya ja ƙofa.

Ya zaci warin ƙura zai ji. Abin da ya fito ɗumi ne, irin na ɗakin da mutane suka tashi yanzu-yanzu, kujerun kuma tas, ko yanar gizo-gizo babu. Ya lura da wannan, ya ture shi gefe, don hankalinsa yana kan waya. Ƙanƙara ta zauna a kujerar gefe ta haɗa gwiwoyi. Ya soka kan waya ɗaya a na'urar, ɗayan a ɗan ramin da ke ƙasan rediyon motar, ya danna maɓallin da ke sa rediyo ya karɓi sauti daga waje, ya kunna. Shiru. Ya murɗa maɓallin ƙara murya. Shiru. Ya ƙara murɗawa har ya kai ƙarshe, ya ƙure na na'urar ma, ko ƙis ba a ji ba. Sai ya sunkuya ya ga ashe kan wayar ne bai shige duka ba, tsatsa ta tare shi a bakin ramin.

Duk wanda ya taɓa jona irin wannan ya san sai an rage murya tukuna. Shi ma ya sani, ya fi kowa sani. Amma 'yarsa tana kallonsa, duhu yana shigowa, sai kawai ya sa babban yatsa ya danna.

Abin da ya fashe a cikin motar ba murya ba ce. Ƙara ce da ta girgiza ƙofofi, gilasai suka amsa, ya ji ta har a haƙoransa. Ya fizge wayar. A cikin shirun da ya biyo baya, daga cikin ƙofar da ke gefen yarinyar, bayan ragar da ta rufe lasifika, wani siririn kuka ya tashi irin na jinjiri, ya yi tsawo, ya katse.

Ƙanƙara ta toshe kunnuwa da hannu biyu, idonta a kan ƙofar.

"Baba," ta ce a hankali, "wa muka tasa?"

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ƙanana, suna sauka a kan kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya kafa tsani ya hau, bai ga kowa ba, ko a titi ko a gidan maƙwabta. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ji ta da zafi, ya sake ta. Ya sauko ya kwance batirin motar ya kai shago ya kulle, ya mayar da tamfol. Magaribar da ta biyo, hon ɗin motar ya yi kuka a ƙarƙashin tamfol, gajere, kamar mai kiran wani ya fito.

Yarinyar kuwa ta fara nisa. A kira ta ba ta juyo ba, sai an taɓa kafaɗarta. Ya kai ta asibiti, likita ya haska kunnuwan ya ce lafiyarsu ƙalau. Ta daina zuwa makaranta, ta daina taɓa abinci sai an matsa, ta yini a zaune jikin bango tana kallon kusurwar da motar take. Har zuwa nan Mai Firji uba ne kamar kowane uba, hankalinsa a tashe, kuma ya riga ya ce wa Gwaggo gobe zai nemo malami.

A yammacin ranar ne, ana cikin jifan, ya ji zubar ruwa a kicin. Ya leƙa. Ƙanƙara ce tsaye a wurin wanke-wanke, ta juya masa baya, tana cuɗa kwanon da yake a wanke. Ba ta waiwayo ba ta ce:

"Maigida, ka sake barin kofi a shago ko?"

Muryar matarsa ce. Ba kama ba ce, ita ce, har da ɗan jan numfashin da take yi kafin ta yi tsokana. Ya dafa ƙyaure. Ya san abin da ya kamata ya yi, ya nemi tsari ya kira Gwaggo. Maimakon haka sai ya ji bakinsa yana cewa, "Na manta ne. Yanzu zan kawo."

Daga ranar zancen malami ya koma "bari mu gani". Tun la'asar sakaliya yake rufe shago ya zo ya zauna a dokin ƙofar kicin yana jira. Da fari abin da ke cikin na'urar kawai muryar take maimaitawa. Daga baya ta fara kawo sabo: ta tambaye shi ciwon bayansa, ta yi masa faɗan rigar da bai canza ba, ta yi dariya. In duhu ya gama rufewa sai maganar ta yanke, yarinyar ta sulale ƙasa, jikinta sanyi ƙalau, ya ɗauke ta ya kai ɗaki, kullum tana ƙara rashin nauyi a hannunsa. Allah ya sani yana son 'yarsa. Amma kewa mugun abu ce, kuma mutumin nan ya daɗe yana jin yunwar muryar, har ya koya wa idonsa kada ya ga abin da hannunsa yake ji.

Gwaggo ce ta gaji. Wata safiya ta ja shi ɗakin yarinyar, ta ɗaga hannunta sama. Abin hannun da a da yake matse mata ya zame har gwiwar hannu.

"Duba nan, Auta. Matarka tana kabari, Allah ya ji ƙanta. Wannan da kake hira da ita, 'yarka take ci."

"Yaya, ba ki ji yadda..."

"Na ji. Ni ma kunne gare ni. Kai dai ka ji kunya." Ta yafa mayafi ta fita, ba ta jira izininsa ba.

Malamin da ta zo da shi dattijo ne siriri mai yawan tari, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bai fara da yarinyar ba. Ya tsaya nesa da motar ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi mata sallama da murya ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake yi a ƙofar gidan da ake makoki. Mai Firji ya sunkuyar da kai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Ƙanƙara, Gwaggo ta lulluɓe ta ta riƙe ƙafafunta. Malam ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya zauna wajen kanta ya fara karatu, rana tana gangarawa.

Tsakuwa ta fara sauka. Bai ɗaga kai ba. Karatun ya yi nisa, jifan ya ƙaru har kwanon rufi ya ɗauka gaba ɗaya, sai kuma ya tsaya cak. Yarinyar ta buɗe ido, ta nemi ubanta da kallo.

"Maigida," in ji muryar marigayiya, tana rawa, "za ka bari ya ƙona ni?"

Mai Firji ya yunƙura. Malam ya miƙa hannu ya tare ƙirjinsa ba tare da ya dube shi ba.

"Ajiye muryar da ba taki ba," ya ce. "Yi magana da taki. Wace ce ke?"

Da bakin yarinyar ya sake buɗewa, wata murya ce daban, ta mace, a dushe, irin ta wadda ta yi kuka har ya ƙare.

"Mai gidan can ce, na ƙarƙashin tamfol. Mun same shi a rufe, babu mai shiga, muka zauna. Ba mu taɓa kowa ba. Ko kazarsu ba mu taɓa ba."

"Me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Tambayi mai waya. Ɗana yana barci a cikin ƙofa, wurin da yake da duhu da laushi. Da ya yi sallama da na ɗauke shi. Da ya fara a hankali da na ɗauke shi. Ya fasa masa kunne. Tun ranar ina kiransa ba ya ji na."

Tausayi ya kama Mai Firji, abin da bai zo da shirinsa ba.

"Bai san kuna ciki ba," in ji Malam. "Kuskure ne. Yarinya kuma ba ta yi miki komai ba."

"Ɗana ma bai yi masa komai ba. Kunnenta na zo ɗauka. Sai na tarar uban yana son wani abu fiye da kunnen, na ce to bari in zauna." Idanun suka juyo kan Mai Firji. "Kai mai waya, mu shirya. Ka bar mini ita da magariba kawai. Da rana taka ce. Kullum za ka ji matarka, har ka tsufa."

Abin kunya ne a faɗa, amma sai da ya yi shiru. Gwaggo ta dube shi, ta ga shirun, ta kau da kai. Shi kuma idonsa ya sauka a kan wuyan yarinyar, inda jijiya take bugawa a ƙarƙashin fatar da ta manne da ƙashi.

"A'a," ya ce. "Ki fita daga jikin 'yata."

"Kin ji," in ji Malam. "Ki fita da arziki, ko in ci gaba."

"Ci gaba. Zan fita, amma ta kunne zan fita, in tafi da shi. Sai dai in zai biya ni." Ta yi ajiyar zuciya da ƙirjin yarinyar. "Abin da ya shiga kan ɗana na ƙarshe muryar matar nan ce. Ita kaɗai yake ji yanzu, ita kaɗai take sa shi barci. Na gaji da ara. A ba ni ita duka, in ɗauki ɗana mu bar gidan."

Malam ya yi tari, ya juyo ga Mai Firji, ya rage murya.

"Ni ba na ba su komai, ba na kuma sa a ba su. In ka ce in ci gaba zan ci gaba, Allah ne mai iko. Amma jikin yarinyar nan ya yi rauni, ka gani da idonka. Ɓarna kuma ta hannunka ta faru. Abin naka ne, kai za ka yanke."

Mai Firji ya tashi. Ya shiga shago ya kinkimo batir, ya ɗaura shi a cikin ɗan hasken da ya rage. Ya tsaya a ƙofar motar ya yi sallama. Ya shiga, ya murɗa maɓallin murya ya mayar da shi ƙasa, ya soka wayar har ta zauna, ya kunna, sannan ya ɗaga kaɗan, daidai yadda za a yi wa jinjiri. Zubar ruwa ta fara fitowa daga ƙofofin. Ya san saura ƙiris marigayiya ta yi magana.

"Fito ka rufe," in ji muryar daga kan tabarma. "Ba naka ba ne yanzu."

Ya fito ya rufe. Ta cikin gilashi ba a jin komai sai gunaguni. Suka zauna a haka har duhu ya rufe tsakar gidan, har gunagunin ya ƙare. Yarinyar ta miƙe ƙafa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki. Wata iska mai ɗumi ta bi ta gefensu ta haura katanga. Gwaggo ta kira sunanta a hankali, daga bayanta, yarinyar ta juyo.

"Gwaggo, yunwa nake ji."

Ba a sake jifa ba. Ƙanƙara ta mayar da jiki a hankali, ta koma makaranta, kuma ba ta tuna komai ba tun daga lokacin da ta zauna a kujerar mota. Shi ya sa wata ranar hutu da hantsi ta same shi a shago ta ce, "Baba, ka ce za ka jiyar da ni Mama."

Tun ranar bai kunna na'urar ba. Ya tsallaka titi ya sayo sabon abin kunne, suka zauna a kan benci kafaɗa da kafaɗa, kowa da ɗaya. Ya danna, har yanzu yana da ɗan sa rai.

Ruwa ya zuba. Kwanuka suka yi karo. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai ga muryarsa shi, ta wancan zamanin, tana dariya tana cewa, "Ni? Wallahi ba ni ba ne." Shiru kuma. Ruwa. Muryarsa ta sake amsa tambayar da babu wanda ya yi. Ya rufe ido ya nemi muryar a cikin kansa, inda yake ajiye da ita, ya tarar nan ma an share.

"Baba, yaushe za ta yi magana?"

"Ta yi," ya ce. "A nan wurin ta ce in zo in ɗauke ki, kin shige mata tsakanin ƙafafu, kin hana ta aiki."

Kalmomin suna nan, bai manta ko ɗaya ba. Ya faɗa mata su da tasa muryar, mai kauri, ta mai gyaran firji. Yarinyar ta saurara, ta ƙara danna abin kunnen da yatsa.

"Haka take faɗa?"

"A'a," ya ce. "Ba haka ba."

"To yaya?"

Ya buɗe baki. A kunnensu ruwa yana ta zuba.